Hugh Masekela: Ƙahon da Ya Yi Shekara 30 Yana Kiran Gida

 

Ranar da na karɓi takardar gayyatar nan, wani abokina ya karanta ya yi dariya, ya ce wa zai baro harkokinsa ya zo ya zauna sauraron tarihin mai busa? Ban ga laifinsa ba. A wurinmu mai busa ɗan rakiya ne. Kakaki na sarki ne, ba a busa shi don talaka komai dukiyarsa, mai algaita kuma yana gefen doki, ido yana kan wanda ke bisa sirdi. Mun san sunayen sarakunan da aka yi wa busa, amma da wuya a samu wanda zai lissafa mabusa biyar. To, mutumin da zan yi magana a kansa yau mabushi ne da ba shi da ubangida. In ma za a ce yana da shi, ubangidan nasa ƙasa ce, ƙasar da ta rufe masa ƙofa shekara 30, shi kuwa bai fasa yi mata busa ba.

Bari in fara da kayan aikin, don kada in yi ta cewa ƙaho wasu suna hango ƙahon sa. Kakakinmu dogon bututu ne miƙaƙƙe, ba huji ba maɓalli, sautukan da yake bayarwa kaɗan ne, kuma sun wadatar da aikin da aka yi shi dominsa. Na Turawa, tiramfet, bututun tagulla ne da aka nannaɗe, aka sa masa maɓallai uku. Kowane maɓalli ka danna sai iska ta bi ta wata ƙarin hanya, bututun ya ƙara tsawo, sauti ya sauka. Da leɓe da waɗannan yatsu uku ake fitar da duk abin da kunne zai ji. Akwai ɗan'uwansa da ake kira fulugelhon, wanda cikinsa ya fi faɗi, muryarsa ta fi kauri da taushi, kamar muryar dattijo a kan ta saurayi. Shi Hugh Masekela ya fi riƙewa a yawancin rayuwarsa.

Jaz kuwa kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka haifa a New Orleans a farkon ƙarni na 20. Ƙa'idarsa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa zama gaban marigayi Mamman Shata. Ana kafa gindin waƙa, 'yan amshi da makaɗa su riƙe shi, shi kuma jagora ya yi ta ɗora abin da ya zo masa nan take, gwargwadon wurin da mutanen da ke gabansa. Haka mabushin jaz yake yi, sai dai shi da iska yake magana.

An haifi Hugh Ramapolo Masekela ranar 4 ga Afrilu, 1939, a KwaGuqa, unguwar baƙar fata da ke gefen Witbank a Afirka ta Kudu. Yanzu sunan garin eMalahleni, wato wurin kwal, kuma sunan bai yi ƙarya ba, domin ramukan kwal ne suka kewaye shi. Mahaifinsa duba-gari ne mai sassaƙa a lokacin hutu, mahaifiyarsa ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Amma a hannun kakarsa ya yi ƙuruciya, ita kuwa sana'arta dafa giyar gargajiya a ɓoye tana sayar wa mahaƙa, domin doka ta hana. Ba yabon sana'ar nake yi ba, shi kansa daga baya ya biya kuɗin wannan tashi da tsada, za mu zo wurin. Abin da nake so ku riƙe shi ne irin makarantar da gidan ya zame wa kunnen yaron. Mahaƙan nan daga ƙasashe dabam-dabam aka kwaso su, kowa da harshensa, kuma in suka samu ranar hutu suka zauna a tsakar gidan tsohuwar, waƙar gida kowa yake yi. Yaro yana gefe yana ji, ga kuma garmahon dangi yana juya fayafayan Amurka.

Yana ɗan shekara 9 jam'iyyar National ta hau mulki a 1948, ta mai da wariyar launin fata doka rubutacciya. Yana ɗan shekara 14, yana makarantar St Peter's a Johannesburg, ya kalli wani fim ɗin Amurka, Young Man with a Horn, wanda Kirk Douglas ya fito a matsayin mai busa. Daga sinimar nan ya fito da ciwon da bai warke ba. Limamin makarantar wani Bature ne ɗan Ingila, Trevor Huddleston, wanda ya yi suna wajen adawa da wariya. Masekela yaro ne marar ji, kullum yana cikin laifi, kuma shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa ya yi wa limamin alkawari in aka samo masa ƙaho ba zai ƙara damun kowa ba. Huddleston ya sayo, ya kuma samo wani dattijo daga ƙungiyar badujala ta birni, wanda ake kira Uncle Sauda, ya koya masa riƙo da busa. Sauran yara suka ga abin sha'awa, aka wayi gari an kafa Huddleston Jazz Band. Da Huddleston ya je Amurka ya ba Louis Armstrong labarin yaran, sai Armstrong ya aiko da ɗaya daga cikin ƙahoninsa a 1956. Ku yi tunanin ɗan makaranta a ƙauye ya wayi gari Shata ya aiko masa da kalangu.

A shekarun nan ne gwamnati ta fara rushe Sophiatown, daga Fabrairun 1955. Unguwa ce da baƙi da Indiyawa da 'yan ruwa-biyu suke zaune tare, cibiyar marubuta da makaɗa. Aka kwashe mutanen a manyan motoci, aka baje gidajen, aka gina wa Turawa unguwa a wurin, aka sa mata suna Triomf, wato nasara. Makarantar St Peter's ma rufewa ta yi saboda dokar ilimin Bantu. Wato duk inda yaron nan ya sa ƙafa, sai ƙasa ta zame.

Duk da haka shekarar 1959 ta zo masa da abu biyu. Ya yi busa a wasan daɓe na King Kong, labarin wani ɗan dambe, wanda Todd Matshikiza ya tsara wa kiɗa, Miriam Makeba ta ja ragamar mata. Sannan ya shiga ƙungiyar Jazz Epistles tare da Dollar Brand a kan fiyano, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullah Ibrahim, da Kippie Moeketsi mai saksofon, da Jonas Gwangwa mai turombon, da Johnny Gertze da Makaya Ntshoko. A farkon 1960 suka naɗi Jazz Epistle, Verse 1, babban faifan jaz na farko da ƙungiyar baƙar fata ta yi a ƙasar. In kun saurare shi za ku ji samari ne da suka haddace darasin New York tsaf. Salon da ake kira bibof suke yi, mai gudu, mai yawan kwana. Ƙwarewa ce ta gaske, amma in aka rufe maka ido da wuya ka ce ga nahiyar da suke.

Ranar 21 ga Maris, 1960, 'yan sanda suka buɗe wuta a Sharpeville a kan masu zanga-zangar ƙin takardar fas, suka kashe mutum 69. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana taro. Makaɗin da aka hana wa taro an karya masa kasuwa. Da taimakon Huddleston da wasu manyan makaɗan Ingila, Yehudi Menuhin da John Dankworth, Masekela ya fice zuwa Landan yana da shekara 21. Bai daɗe ba ya wuce New York, inda Makeba da Harry Belafonte suka tsaya masa ya shiga Manhattan School of Music.

A nan ne labarin ya juya, kuma a nan nake so mu ɗan zauna.

Saurayin nan ya isa New York da buri ɗaya, ya zama kamar Clifford Brown, gwarzon mabusan bibof da ya rasu a haɗarin mota a 1956. Dare bai cika yi masa a ɗaki ba, yana gidajen kiɗa yana kallon mutanen da a da sai a faifai yake jin su: Dizzy Gillespie, Miles Davis, John Coltrane, Thelonious Monk. Sai ga shi waɗannan manyan su ne suka sage masa gwiwa. Ya sha faɗa a hirarraki cewa Miles Davis da Gillespie sun nuna masa masu busa irin wadda yake kwaikwayo sun yi yawa a birnin, in ya bi sahu zai zama ɗaya cikin dubu, amma in ya sako abin da ya taso da shi, ba mai iya binsa, su ma sai sun koya a wurinsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin mamakin shi ne sai da ya haye teku kafin wani ya gaya masa cewa abin da ya ji a tsakar gidan kakarsa dukiya ce.

Mene ne wannan abin? Sunansa marabi, da 'ya'yansa kwela da mbaƙanga. Bari in gwada bayyana bambancin ba tare da allo ba. A bibof, ƙasan waƙar yana sauyawa kusan kowane taku biyu, mabushi yana gudu a kan matakala mai karkacewa, gwanintarsa ita ce kada ya faɗi. A marabi kuwa ginshiƙan sauti uku ne kacal, suna zagayowa, suna sake zagayowa, har gari ya waye. Wanda ya saba da gurmi ko kukuma ya san wannan zagaye. Mai ji daga nesa sai ya ce ai wannan ya fi sauƙi. Ni a ganina ya fi wuya, domin ba inda za ka ɓuya. Ba za ka rufe rashin abin faɗa da saurin yatsu ba. Dole ka zo da karin da za a iya rerawa, ka maimaita shi, ka ɗan murɗa shi, ka yi shiru, ka dawo. Shi ya sa busar Masekela take kama da magana. Yana yanka jimla gajera, ya ja wata, ya fasa sautin da gangan ya yi kaushi kamar mai kira daga ƙetaren rafi. Ya kuma fara sauke ƙahon yana waƙa da bakinsa cikin Zulu da Sotho da Xhosa, da murya mai tsakuwa wadda ba malamin waƙar da zai ba ta maki, amma ba ta fita daga kunne.

Faifansa na farko, Trumpet Africaine, bai gamsar ba, shi ma bai yi alfahari da shi ba. Inda aka fara jin mutumin sosai shi ne wasan da aka naɗa a Village Gate a 1965, tare da Larry Willis a kan fiyano, wanda ya fito da suna The Americanization of Ooga Booga. Sunan ba'a ce ga finafinan Hollywood da ke nuna mutumin Afirka yana gwaranci a daji. A tsakanin nan ya auri Makeba a 1964, suka rabu a 1966, amma zumunci da aiki tare ba su yanke ba har ƙarshen rayuwarta.

Ya koma Los Angeles, suka kafa kamfanin Chisa da abokinsa na makaranta Stewart Levine. Ya hau dandalin bikin Monterey a 1967, dandalin da ya fito da Jimi Hendrix da Janis Joplin. Sai 1968. Suna kammala faifan The Promise of a Future aka ga saura 'yan mintoci bai cika ba. Don cike gurbi suka ɗauki wani kari na mbaƙanga, Philemon Hou ya tsara shi, aka sa ƙararrawar shanu tana bugawa daga farko har ƙarshe, aka naɗe cikin ɗan lokaci. Shi ne Grazing in the Grass. A watan Yulin shekarar ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, ya sayar da kwafi kusan miliyan 4. Wanda ya sauke daga kan kujerar shi ma mai ƙaho ne, Herb Alpert, kuma bayan shekara 10 su biyun suka yi faifai tare.

Ina son waƙar, tana da daɗi kamar iskar damina. Sai dai in gaya muku gaskiya, ita ce mafi ƙarancin nauyi cikin manyan ayyukansa, kuma ita ta kusa halaka shi. Kuɗi suka zo wa ɗan shekara 29 da ba shi da gidan komawa, ba uwa kusa, ba dattijon da zai tsawata. Giya da hodar iblis suka samu wuri. Aka kama shi da ƙwaya, masu shirya wasanni suka ja baya. Bai ɓoye wannan ba, ya zayyana shi filla-filla a tarihin rayuwarsa, Still Grazing, da ya fito a 2004. Bai rabu da shaye-shaye ba sai a 1997 da ya shiga gidan jinya a Ingila, daga baya kuma ya kafa gidauniyar taimaka wa makaɗan da suka faɗa ramin.

Kafin in bar wannan zango, ga masu son jaz tsantsa: ku nemi Home Is Where the Music Is na 1972, wanda aka naɗa a Landan da Dudu Pukwana a saksofon, Larry Willis, Eddie Gomez da Makaya Ntshoko. Duk mai cewa Masekela ya koma kiɗan gida ne don bibof ya fi ƙarfinsa, wannan faifan ya ishe shi amsa.

Da Amurka ta gundure shi sai ya nufo Afirka, ko da yake ba tasa Afirkar ba. Ya zauna a Gini inda Makeba take a ƙarƙashin inuwar Sekou Toure, ya zauna a Laberiya, ya je Zayar. A 1973 ya sauka Legas wurin Fela, ya yi makonni yana hawa dandali da ƙungiyar Africa 70. Fela ne ya haɗa shi da wasu matasan Gana, Hedzoleh Soundz, masu ganguna da yawa da kiɗan gargajiyar bakin teku, kuma a Legas aka naɗi faifan da ya gabatar da su ga duniya. A wannan faifan ƙahon ya sauka daga kujerar shugaba, ya shiga cikin ganguna yana neman wurinsa kamar baƙo mai ladabi. Ga wani abu da ban cika jin ana faɗa ba: gidan da Masekela yake busawa ba Witbank kaɗai ba ce. A hanya ya gina shi, da tubalin Konakiri da na Legas da na Accra. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan tsuntsun sai da ya kwana a sheƙa goma kafin kukan ya nuna.

Shi da Levine ne kuma suka shirya bikin Zaire 74 a Kinshasa, kwana uku a watan Satumba, don rakiyar damben Muhammad Ali da George Foreman. James Brown ya zo, B.B. King ya zo, Celia Cruz, Makeba, Franco, Tabu Ley. Foreman ya ji rauni a gira wajen atisaye, aka ɗage damben zuwa 30 ga Oktoba, biki ya tashi ba baƙin da aka sa rai.

A shekarar nan ta 1974, cikin faifan I Am Not Afraid, ya saki waƙar da a wurina ita ce Masekela. Sunanta Stimela, wato jirgin ƙasa mai cin kwal.

Sai an san abin da jirgin yake ɗaukowa kafin a gane waƙar. Arzikin Johannesburg a kan zinariya ya tsaya, zinariyar kuma tana can ƙasa, wasu ramukan sun zarce kilomita 3. Kamfanonin haƙa suka kafa hukumar ɗaukar lebura da ake kira Wenela, mai ofisoshi a Mozambik da Malawi da sauran maƙwabta, ga kuma masu zuwa daga Lesotho da Botswana da Swaziland. Saurayi zai dangwala yatsa a takardar kwantiragi ta shekara ɗaya ko fiye, a loda shi a jirgi. In ya isa a zuba shi a bariki na maza zalla, gadajen siminti hawa-hawa, ba mata ba 'ya'ya. Ya shiga rami kafin fitowar rana, ya fito bayan ta faɗi. Ƙurar dutse ta cika masa huhu, tarin fuka ya biyo baya, in ya kasa aiki a sallame shi ya je ya mutu a ƙauye. Sai a 2018, watanni kaɗan bayan rasuwar Masekela, manyan kamfanonin suka amince su biya diyyar rand biliyan 5 ga masu wannan ciwo.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san ci-rani. Akwai kuma dattawan da suka ji daga iyayensu yadda aka yi ta ɗibar mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, da yadda sanyin tsaunin da yunwa suka ci da yawa daga cikinsu. Bambancin shi ne na Afirka ta Kudu ya ɗauki kusan ƙarni guda, kuma a kansa aka gina ƙasar.

Masekela bai yi wa'azi a waƙar ba. Jirgin ya mayar abin tsana, shi mahaƙan suke tsinewa in sun ji kukansa daga nesa, domin shi ya raba su da gida. Ya fara da magana a hankali, kamar mai ba da labari da dare, yana kiran ƙasashen ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin maganar ƙararrawar shanun nan tana bugawa, ita dai wadda ta yi rawa a 1968, amma yanzu ta zama ƙarar ƙarfe a kan dogo. Maganar tana ƙara zafi, ganguna suna taruwa, sai ya yi kukan jirgin da maƙogwaronsa, wata irin ƙara da ke sa tsigar jiki tashi. Bayan nan ne ƙahon yake shigowa, kuma ba ya shigowa da ihu. A hankali yake zuwa, da 'yan sautuka kaɗan, kamar mutumin da ya gama kuka ya zauna. Wanda ya yi wannan shi ne yaron da ya zauna a tsakar gidan kakarsa, shekara 30 kafin nan, yana kallon fuskokin mutanen da jirgin ya kawo.

Daga nan zan ɗan yi sauri. Bayan kisan ɗaliban Soweto a Yunin 1976 ya tsara Soweto Blues, Makeba ta rera, ta fito a 1977. Mahaifiyarsa ta rasu a haɗarin mota, bai samu zuwa jana'iza ba. A ƙarshen 1980 shi da Makeba suka yi wasa a Maseru ta Lesotho, dubun dubatar mutane suka tsallako iyaka don su gan su. Ya tare a Botswana, inda daga Gaborone kusan ana hango ƙasarsa, aka kawo masa sutudiyo a cikin babbar mota, ya yi Techno-Bush a 1984. Kiɗan na'ura ne na zamaninsa, kuma a kunnena ya tsufa fiye da ayyukansa na 1970. Ranar 14 ga Yuni, 1985, sojojin Afirka ta Kudu suka kutsa Gaborone da dare suka kashe mutum 12, har da abokinsa. Ya sake tattara kaya.

A watan Afrilun wannan shekarar ne katin taya murnar ranar haihuwa ya iso masa daga kurkukun Pollsmoor, da sa hannun Nelson Mandela. Mutumin da ya haura shekara 20 a tsare shi ne yake ƙarfafa wa na waje gwiwa. Abin ya girgiza shi, ya zauna gaban fiyano, Bring Him Back Home ta fito. An sake ta a faifan Tomorrow a 1987, gwamnati ta haramta ta, ta zama taken masu neman a saki Mandela.

A 1987 ɗin ya bi Paul Simon yawon Graceland, tare da Makeba da Ladysmith Black Mambazo. Rigima ta tashi, domin Simon ya je Johannesburg ya yi naɗi alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa takunkumin al'adu. Masu zanga-zanga suka tsaya a ƙofar wuraren wasan, wasunsu abokan gwagwarmayarsa ne. Hujjar Masekela ita ce an sa takunkumin don a matsa wa gwamnati, ba don a ƙara toshe bakin makaɗan da gwamnatin ta riga ta toshe ba. Na fi karkata gare shi, amma ban raina ɗaya ɓangaren ba. Takunkumi in aka fara yi masa ƙofa, kowa sai ya ce tasa ƙofar halal ce. Da yawa a ɗakin nan kuma kun ji aikinsa ba ku sani ba. Duk wanda ya kalli Sarafina a kaset ɗin bidiyo, da hannun Masekela a kiɗan, tare da Mbongeni Ngema.

An saki Mandela ranar 11 ga Fabrairu, 1990. Kafin shekarar ta ƙare Masekela ya sauka a Johannesburg yana da shekara 51. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi: ya tarar da matasa suna bin kiɗan Amurka irin bin da shi ya yi a 1959, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana yi musu faɗan da Miles Davis ya yi masa. Wani lokaci faɗan yakan wuce gona da iri, har ya taɓa cewa ba zai ɗauki hoto da mace mai ƙarin gashi ba, abin da ya jawo masa surutu, kuma a ganina ya cancanci surutun. Amma busar ba ta ragu ba. Ya buɗe bikin gasar cin kofin duniya a Soweto a 2010, ya fitar da faifansa na ƙarshe, No Borders, a 2016. Ciwon daji na prostate ya yi ajalinsa a Johannesburg ranar 23 ga Janairu, 2018, yana da shekara 78.

Akwai saura guda. Tun zamansa na Legas suka saba da Tony Allen, mai gangunan Fela, suna ta cewa wata rana za su yi faifai. Sai a 2010 suka haɗu a wani sutudiyo a Landan, Nick Gold na kamfanin World Circuit ya naɗa, aka ajiye ba a ƙarasa ba. Bayan rasuwar Masekela, Allen ya koma ya kammala. Rejoice ya fito a watan Maris na 2020, ganga da ƙaho kusan su kaɗai, tsofaffi biyu suna hira, har da waƙar tunawa da Fela. Ranar 30 ga Afrilu, makonni kaɗan bayan fitowarsa, Allen ma ya rasu a Paris.

Shugaba, na ga kana duban agogo, saura abu ɗaya. Na roƙi mai kula da na'ura ya sa mana Stimela, ba ta 1974 ba, wadda aka naɗa a gaban jama'a a Blues Alley ta Washington a 1993, ta fito a faifan Hope. Minti 10 ce da 'yan kai. Masu sayar da manyan lasifikoki a Turai da ita suke gwada kayansu saboda tsabtar naɗin, abin da ni kan rasa ko dariya zan yi masa. Ku bar lasifikar, ku bi ƙararrawar tun daga farko, ku kuma lura da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya kai ƙahon bakinsa. In ta ƙare sai mu shiga tambayoyi.

Malam, bismillah, sa mana.